Sakan Arba'in da Ɗaya

Kawuna ya yi shekara goma sha ɗaya yana amshi a bayan wani mawaƙi, sannan ya yi ashirin da uku yana sayar da kaset a wani shago mai taku huɗu a tsaye, uku a kwance. Da ƙafata na auna. Da kasuwar kaset ta mutu sai ya koma gyaran rediyo, ya jibge kwali tara na kaset a ƙarƙashin tebur, ya hana kowa taɓawa.

Ni na yi masa rajista a wani kantin waƙoƙi na intanet, irin wanda ake biya duk wata a riƙa sauke abin da ake so. Na ce, "Kawu, duk abin da ke kwalayen nan yanzu yana cikin wayarka."

Ya ce, "Har da kyankyasan?"

Ya sa tabarau, ya ce in nemo masa waƙoƙin maigidansu. Guda goma sha bakwai na samu. Na danna ta farko, kiɗa ya tashi tas kamar jiya aka ɗauka. Kawu ko kai bai gyaɗa ba.

"Mayar da ita farko."

"Ai farkon ke nan."

"A'a, 'yata. An sare mata kai."

Ya durƙusa ya lalubo wani kaset, ya hure shi, ya sa a tsohuwar rediyo. Ashe kafin kiɗa ya fara, sai maigidan ya yi gyaran murya ya kira 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa. Dogo, na'am. Auta, na'am. Kurma, sai da aka kira sau biyu, aka yi dariya. Baƙo, na'am. Sauro. Wata siririyar murya ta ce na'am. Na duba agogo, sakan arba'in da ɗaya cif. Na bi waƙoƙin kantin duka sha bakwai, babu wadda aka bar wa wannan kiran.

Matar Kawu ta shigo da kwanon abincinsa, ta tarar da shi ya haɗe rai. Ta ce, "Shekara talatin kana faɗa da duk wanda ya ce maka Sauro. Yau an raba ka da sunan a kyauta, kuma kana ƙorafi?"

"Ba don ni ba ne. Mu biyar ne, uku sun riga mu gidan gaskiya. Ba a taɓa rubuta sunanmu a bayan kaset ba, hoto ma na maigida ne shi kaɗai. Idan aka cire wannan, kamar ba a yi mu ba."

A ranar na rubuta wa masu kantin. Saƙo uku, shiru. A na huɗu na naɗi kiran daga rediyon Kawu na haɗa musu. Kwana tara bayan nan wata ma'aikaciyarsu ta bugo, ta ce na'urar da ke wanke musu tsofaffin kaset ce ke yanke duk abin da ya zo kafin kiɗa, wai ta ɗauka surutu ne.

Kawu ya karɓe wayar. "Yarinya, idan malami ya kira sunan ɗalibai a aji, surutu ne?"

Ta yi dariya, ta ba shi haƙuri har sau uku. Ta tambaya ko yana da sauran cikakkun kaset ɗin. Yana da sha biyar. Biyun da suka rage ya samo su wajen Auta, bayan ya sha mitarsa. Muka tura musu duka. Yanzu kantin na turo masa tsofaffin waƙoƙin da ba su san masu su ba, shi kuma ya saurara ya faɗi suna. Zuwa jiya ya gane sittin da huɗu.

Ranar da aka mayar da kiran, Kawu ya aika aka kira 'yar marigayi Dogo, wadda tana goye mahaifinta ya rasu. Malamar asibiti ce yanzu. Ta zo da rigar aiki, ta zauna a kan benci, na miƙa mata wayar. Sau shida ta maimaita wurin.

Ta ce, "Ashe muryarsa babba ce."

Kawu ya ce, "Babba? Sai kin ji waƙa ta tara, inda ya riga kowa shigowa, maigida ya harare shi. Gyara zama."