Allon Kawu da Haruffa Huɗu

Kawuna ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo a wani ɗan shago da kullum ke warin dalma. Da rediyo ta daina zuwa gyara, maimakon ya huta, sai ya sayi tsohuwar kwamfuta, ya ɗaura tabarau da zare, ya fara koyon rubuta umarnin na'ura. Matarsa ta ce tsufa ne ya zo masa ta bayan gida. Mu kuwa muka laƙaba masa Injiniya, ya kuma amsa.

Da autarsa za ta buɗe shagon ɗinki, a gaban dangi ya buga ƙirji ya ce shi zai yi mata allon fitila mai rubutu yana gudu, kada ta sayi na kasuwa. Ta yarda, har ta sa kafinta ya bar masa gurbi a saman ƙofa.

Ana gobe buɗewa, da hantsi, muka taru ya kunna. An so allon ya ce MUNA ƊINKIN MATA DA YARA. Ya ce MUNA, ya yi shiru, ya sake cewa MUNA.

"Kuna me, Injiniya?" in ji mai aski, maƙwabcinsa. "Mu dai muna jira!"

Kawu ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya kwance allon, ya canza waya, ya shinshina, ya ɗan bubbuga shi a gefe. MUNA dai.

Auta ta ajiye almakashi. "Baba, ko in aika kasuwa? Ba komai wallahi."

"Ba ni awa ɗaya, uwata." Ya yi ta canza rubutun yana gwadawa, Auta tana kallo, har ta sake magana.

"Sau uku ke nan ka canza rubutun, kullum a harafi huɗu yake tsayawa. In riga ta fito guntuwa sau uku, ni ba keken ɗinki nake zargi ba, awo nake dubawa."

Kawu ya ajiye dalma ya koma kan kwamfuta. Ya sa ta faɗi tsawon jerin haruffan a inda ya rubuta su: ashirin da wani abu. Ya sake tambaya a ɓangaren da ke kunna fitilu: huɗu. Sai ya miƙe zumbur har kujera ta kife.

"Adireshi ne! Ku zo ku gani! Jerin nan kamar layin ɗakuna ne, kowane harafi da ɗakinsa. Da na miƙa shi can, ashe ba ɗakunan ke tafiya ba, adireshin ɗakin farko kawai ake miƙawa. Na ce a auna, aka auna min adireshin! Shi kuwa a na'urar nan gurbi huɗu yake ci, ko da layin ya kai tasha!"

"To yanzu fa?" in ji matarsa, wadda ba ta gane ba amma ta matso.

"In ƙirga tun a gida, in aika adireshi tare da adadin."

Layi biyu na umarnin ya gyara, da yatsa ɗaya kamar kullum. Ya danna. MUNA ta wuce, ƊINKIN ta biyo ta, har YARA ta fito. Auta ta yi tsalle, mai aski ya fito da wani mai rabin kai a aske don ya gani.

Washegari Kawu ya tsaya a ƙarƙashin allon cikin sabuwar riga, duk wanda ya zo taya murna sai ya tare shi da bayanin adireshi. Ni sau uku na sha nawa.