Tsarabar Jos daga lambun Baba

Shekarar da likita ya ce Baba na da ciwon suga, ni kaɗai na rage a gabansa a gidanmu na unguwar Congo-Russia a Jos, ina ɗinki. Likitan ya ce a rage masa tuwo da zaƙi, a cika masa kwano da ganye, in ba haka ba gyambon da ke ƙafarsa zai ci ƙafar. Lokacin gari bai cika zama lafiya ba, fita kasuwa ma sai an yi shiri. Na ce to, bari in shuka abina.

Na jera buhunan siminti da tsofaffin tayoyi a tsakar gida. Wani direba abokin Baba ya kawo mini takin shanu daga Vom. Na zuba karas da latas da jan kabeji, da tattasai kore da ja da ruwan ɗorawa. Da hannuna nake jan ruwa a rijiya kafin in hau keken ɗinki. Suka yi kyau kuwa, har maƙwabta na leƙe ta katanga.

Sai 'yan dubiya suka fara zuwa. Daga Kano, daga Zariya, daga Bauci, mota-mota. Kuma me suke riƙo wa mai ciwon suga? Katan na lemon kwalba da burodi mai zaƙi! Baba ya sa a fasa, ya sha a gabansu don kada su ji kunya. In sun tashi tafiya sai ya ƙwala mini kira, da yake sunan mahaifiyarsa na ci: "Uwata, a haɗa musu tsaraba."

Na ce, "Baba, maganinka ne fa."

"Baƙo ya zo Jos ya koma hannu rabbana? A ce gidan wa ya sauka?"

Wallahi ina cirewa ina zagi a cikina. Gwaggo, ƙanwarsa, ba ta ma jira a cire mata. Zani take tattarewa ta shiga da kanta, tana cewa karas ɗin kasuwa ba ya kama ƙafar wannan. Abin da ke isa kwanon Baba sai ganyen da tsutsa ta huda. Da na gaji na kewaye wurin da langalanga na sa kwaɗo. Baba ya daina amsa gaisuwata, ya ce na mai da shi marowaci a idon danginsa. Na daure iya daurewa, daga baya na cire kwaɗon, don ba zan iya kai masa abinci yana juya mini baya ba.

Har yau ina jin haushinsu, kuma shi ma ina jin nasa, Allah Ya gafarta masa. Ba zan rantse cewa latas zai ceci ƙafar ba. Amma ko damar gwadawa ba su bar mini ba.

Da damina gyambon ya yi baƙi, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Gwaggo ta zo asibiti ta yi kuka sosai, ta ce gobe za ta koma. Da allurar barci ta sake shi, Baba ya buɗe ido, ya dubi inda zanen gado ya kwanta a gurbin ƙafar. Na matso da kunnena, a zatona ruwa zai nema.

Ya ce, "Uwata, an haɗa wa gwaggonki tsaraba kuwa?"

Na koma gida na tumɓuke komai, har wanda bai nuna ba, na cika mata buhu. Ta ce Allah Ya yi mini albarka.