Taki Ya Iso

Shekarar da aka ce gwamnati za ta ba manoma taki da rangwame, ina koyar da Hausa a wata sakandare a Samaru, mahaifiyata kuma tana noma gonar da babanmu ya bari a hanyar Shika. Masarar gonar nan ita ce tuwonmu na shekara. Albashina miya kawai yake saya, shi ma in ya ga dama ya zo.

Mama ta ba da sunanta, aka ɗauke ta hoto, aka ce ta jira. Ta yi shuka da ruwan farko, ta jira.

Masara na tsirowa na haɗu da malamin gona na yankinmu, mutum mai fara'a da tsohon babur. Ko tsayawa bai yi ba ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, taki ya iso."

Washegari na ɗauki ɗan acaɓa muka tafi siton da ake raba takin. A kulle. Da na nemo malamin gonar sai ya ce, "Ai Kaduna nake nufi. Ya iso Kaduna."

A aji nakan koya wa yara cewa aikatau in ya ƙare da wasalin o, abu ya taho wajen mai magana ke nan: fita da fito, isa da iso. Ban taɓa gaya musu cewa mutum zai iya tsayawa a Samaru bakinsa yana Kaduna ba.

Masara ta kai gwiwa. Lokacin zuba kamfa, takin farko, ya wuce. Ganyen ƙasa ya soma yin rawaya, daga baki yana cin ciki. Kowace Lahadi in mun taso daga majami'a sai Mama ta ce mu biya gona. Takan tsaya ta murza ganye a yatsunta. Ni kuwa sai in kasa cin abincin rana.

Na sake tarar malamin gona. Ya iso Zariya, in ji shi, ana jiran manya su zo su ƙaddamar.

Na shiga kasuwar Sabon Gari tambayar farashi. Mai shagon, ɗan kudu ne da ya fi ni iya Zazzaganci, ya dube ni ya ce, "Na gwamnati kake jira, Malam? Sannu da ƙoƙari." Farashin buhu da ya faɗa ya fi ƙarfina. Na sayi 'yan tiyoyin takin yuriya, muka bi layukan da suka fi jin jiki muna sa wa kowane gindi kamar gishiri a miya.

"Mama, in bai zo ba fa?"

"To, kai da ka yi karatu, me littafi ya ce?"

"Littafi ya ce ya iso."

Ta yi 'yar dariya, amma idonta na kan ganyen.

Taki ya iso da gaske bayan masara ta yi goyo, goyon da bai fi yatsa biyu kauri ba. Aka yi jawabi, aka yi tafi, muka ɗauko buhunanmu. Masarar da muka girbe ba ta kai mu bikin Ista ba. Daga nan sai awo a kasuwa.

Buhunan takin kuwa Mama ta ɗora su a kan katako a ɗakinta, ta lulluɓe da leda. Duk ranin nan nakan shiga in latsa su, don an ce yuriya in ta sha danshi dunƙulewa take yi kamar dutse.

Da damina ta dawo, masara na tsirowa Mama ta zuba takin bara. Maƙwabcinmu na gona, wanda ke jiran na bana, ya leƙo ya ce, "Mama, a ina kika samu?"

Ta ce, "Gwamnati ce ta ba ni. Bana ta yi sammako."

Ni dai ina lissafin inda za mu sami na baɗi, don malamin gona ya riga ya gaya mini na bana ya iso.