Katakon Ƙwayayen Baba Issaka

Na daɗe a wannan shago har ranaku da yawa sun narke sun zama ɗaya a kaina, amma ban taɓa iya mantawa da Larabar da na ga koren rubutu a fuskar kwamfuta na ɗauka na gama aiki ba. Ku da kuka zo daga baya kuna yawan tambayata me ya sa nake hana a fita da allon lantarki ko ɗaya sai an gwada shi a kan wancan tsohon katako mai ƙwayayen fitila. To yau zan gaya muku.

Lokacin ina ƙaramar injiniya, shekarata ta biyu. Masta Fuseini ne manaja. Babban injiniyanmu kuwa, Baba Issaka, bai fi wata huɗu da ajiye aiki ba, ciwon suga ya cinye masa ido ya koma gida Nima. Aikinmu a lokacin shi ne na yanzu: ƙera allunan da ke sarrafa injina. A tsakiyar kowane allo akwai wani baƙin guntu da bai fi farcen babban yatsa ba, ana ce masa FPGA. Shi wannan guntu fanko yake zuwa, bai san komai ba. Kai za ka rubuta yadda kake so wayoyin cikinsa su haɗu, manhajar kamfanin da ya ƙera shi ta sarrafa rubutun, sannan a ɗura masa ta kebul. Yana da ƙafafu fiye da ɗari, kuma dole ka gaya wa manhajar wace ƙafa ce ke zuwa wace waya. Wannan bayani a fayil ɗinsa daban yake. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tun zuwana nake ƙorafi a kan kwamfutar Baba. Tsohon tsari ne a kanta, cike da bairos, kafin ta tashi sai ka je ka sayi koko da ƙosai ka dawo. Na dage a sa mata Linux, tsarin da kowa ke iya buɗe cikinsa ya duba ya gyara, ba mai riƙe maka wuya. Baba ya ƙi. Kullum amsarsa ɗaya: "Abin da ke aiki, ki bar shi ya yi aikinsa." Ni kuma da takardar makarantata sabuwa fil, ina ganin tsoro ne irin na tsofaffi. Yana tafiya na ci gaba da yi wa Masta naci har ya gaji ya ce in yi. Na kwafe foldar ayyukan Baba gaba ɗaya a wuri biyu, na goge kwamfutar tas, na sa Linux. Har hoto na ɗauka.

Mako uku bayan haka, ranar wata Litinin, saura mako biyu azumi, Hajiya Memuna ta shigo shagon da allo naɗe a cikin mayafinta. Hajiya tana da injin ruwan leda a Maamobi, mata tara ne ke ci a ƙarƙashinsa. An ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi, guntun ya ƙone. Allon kuwa na Baba ne, shi ya zana shi da hannunsa, kuma shi ne na ƙarshe cikin nasa da ke aiki a garin nan.

Hajiya ba ta zauna ba. Ta ce wa Masta, "Injin ya tsaya koraa, ko motsi ba ya yi. Azumi na zuwa, zafi paa, ba kaɗan ba, mutane na son ruwa. In Juma'a ya yi bai tashi ba, zan kira masu kawo na waje su cire wannan su sa nasu."

Irin tsohon guntun ya ƙare a kasuwa, sai ƙaninsa muka samu. Ƙafafunsu ɗaya, amma dole a sake sarrafa rubutun Baba daga farko, wato dole manhajar ta tashi a kan Linux ɗin da na sa. Da Hajiya ta fita Masta ya rufe ƙofar ofis ya ce, "Rabi, ke kika goge, ke za ki tashe shi. In aka cire allon Baba ranar Juma'a, ke ma ki nemi wani wurin." Bai ɗaga murya ba, kuma na san ba wasa yake ba.

Na ce masa kwana ɗaya ya ishe ni. Cika baki ne kawai.

Ranar Litinin ɗin manhajar ko buɗewa ta ƙi yi. Tsohuwa ce, tana neman wasu ƙananan fayilolin tallafi da sabon Linux ya daina zuwa da su. In samo ɗaya in ba ta, ta ce saura wani. Haka muka yi ta yi har la'asar, kamar mai aiken yaro kasuwar Malam Atta yana dawowa ana tuna masa an manta gishiri. Da ta buɗe sai ta ce ba ta ga lasisi ba.

Talata ta tafi a kan lasisin. Irin wannan manhaja a ɗaure take da lambar katin sadarwar kwamfuta, don kada a kwafe ta a kai wani wuri. Katin yana nan, lambarsa ba ta canza ba, amma Linux ya raɗa masa sabon suna, ita kuwa tsohon sunan ta sani. Sai da na bi bayanan mutanen da suka sha irin wahalata a intanet, wasu ma da harsunan da ban sani ba, kafin na gano yadda zan mayar masa da sunansa. A nan na fara son mutanen Linux da gaske. Mutum bai san ka ba, amma ya zauna ya rubuta yadda ya fita daga rami don na bayansa.

Laraba da safe kebul ne ya ƙi. Linux ba ya barin kowa ya taɓa na'urar da aka jona sai da izini, sai na rubuta masa ƙa'ida layi ɗaya. Wajen azahar manhajar ta gama sarrafa rubutun Baba, ta nuna kore. A ƙasa akwai gargaɗi ɗaruruwa da rawayan rubutu, amma duk mai wannan aiki ya san haka take, ba ta rabo da mita. Ban karanta ko ɗaya ba. Na ɗura wa guntun, na je na tsaya a ƙofar Masta ina murmushi.

Ya ce, "Yoo. Mota tana wurin bakanike, sai ƙarfe uku. In ta zo mu tafi Maamobi."

Gaskiya zan faɗa muku, ba hankali ne ya sa na ɗauko katakon Baba ba, zaman jiran mota ne ya ishe ni. Katako ne da ya jera wa ƙwayayen fitila goma sha biyu, kowanne a madadin wani sashe na injin: famfo, abin jan leda, hita, da bakin ƙarfen da ke datse leda ya liƙe ta. Akwai makunni ɗaya a gefe a madadin ƙofar injin. Dokar Baba ce ba a kai allo wurin inji sai an ga fitilun nan sun kama bi da bi. Ni kuwa na sha ce masa kayan adon biki ne, tunda kwamfuta na iya yin gwajin da kanta.

Na jona, na kunna. Fitilar hita ta kama ta ƙi mutuwa. Ta famfo ko motsi. Na buɗe makunnin ƙofa, wanda ya kamata ya kashe komai nan take, sai fitilar bakin ƙarfe ta kama. A injin gaske ma'anar wannan ita ce, duk matar da ta buɗe ƙofa ta sa hannu don gyara leda, ƙarfe mai zafi zai datse a kansa. Na zauna a ƙasa.

Sai a lokacin na karanta gargaɗin. Yana can tsakiya, layi ɗaya: ba a sami fayil ɗin ƙafafu ba. Da manhajar ta rasa shi sai ta rarraba ƙafafun yadda ta ga dama, ta kuma nuna min kore. Na duba inda take nemansa. Ashe Baba bai taɓa ajiye shi a cikin foldar ayyuka ba. Da yake fayil ɗaya yake amfani da shi ga allunansa duka, sai ya ware masa wuri a wani ɓangare na rumbun kwamfutar. Wannan ɓangare na goge shi da hannuna.

Zan iya bin layukan allon da mitar gwajin lantarki ɗaya bayan ɗaya, amma wasu sun bi ta cikin allon inda ido ba ya gani, aikin fiye da mako ne. Masta ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kin san gidan Baba." Na sani. Kunya ce ta hana ni tunaninsa.

Alhamis da hantsi na hau trotro, motar haya, zuwa Nima, allon da 'yar kwamfutata a jakata. Na tarar da Baba a tsakar gida a kan kujerarsa, rediyo a cinya. Ya gane muryata tun daga sallama. Bayan gaisuwa na durƙusa na gaya masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Kin goge."

Na ce, "Na goge, Baba."

"Lambar wayata ya canza ne, ɗiyata?"

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na ce ba ta canza ba, hawaye na zubo min. Sai ya kira matarsa ta fito da wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne na 'yan makaranta, sun fi ashirin. Na buɗe wanda ya ce jerin ƙafafun yana ciki, sai na ga ajami ne daga sama har ƙasa, har lambobin na Larabci. Baba ya yi dariya ya ce da shi ya fi sauri, kuma yaran shago ba sa iya satar masa aiki.

"Kin yi makaranta, ko boko kaɗai?"

Na ce na yi, a Maamobi, har na kusa sauka. Ya ce, "To yau za mu ga abin da malaminki ya bari."

Haka muka zauna, shi ba ya gani, ni ba na sauri. Ina haɗa baƙi ina karantowa, yana gyara min, ina bugawa a kwamfuta. In na yi tuntuɓe sai ya ce da bulalar malam tana kusa da na tuna. Muka tashi muka yi azahar, aka kawo mana tuwo, muka koma. Da na kai ƙafa ta arba'in da ɗaya ya ce in dakata, in ba shi allon. Ya juya bayansa yana shafawa da yatsa har ya tsaya a kan wata 'yar siririyar waya da ban taɓa lura da ita ba.

Ya ce, "Nan littafin ya yi ƙarya. Na yi kuskure a zane, na yanke layin da reza na ɗaura wannan. Ta arba'in da ɗaya da ta arba'in da biyu, ki juya su. Ban rubuta ba, na ce zan tuna."

Ƙafar makunnin ƙofa ce. Da littafin kaɗai aka ba ni, da na kai wa matan nan abin da zai cinye musu hannu.

Juma'a da sassafe na sarrafa rubutun, wannan karon na karanta gargaɗin duka, ɗaya bayan ɗaya. Na jona katakon. Fitilu suka kama bi da bi: leda, famfo, baki, leda, famfo, baki. Na buɗe makunnin ƙofa sau ashirin, sau ashirin komai ya mutu. Masta yana tsaye a bayana, sai ya ɗauki makullin mota.

Mun isa Maamobi kafin a fara shirin masallaci. Matan suna zaune a kan buhunan leda, Hajiya tana duba agogo. Na ɗaura allon, na ce kowa ya ja baya, na fara gwada ƙofa da sanda kafin na yarda wani ya matso. Sannan na saki ruwa. Ledar farko ta faɗo a cike, a liƙe, ta biyu ta biyo ta. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta matsa da ƙarfi ba ta fashe ba, ta huda da haƙori ta sha, ta ce, "Yoo, yarinya, ka yi ƙoƙari."

Na kira Baba. Ban ce masa injin ya tashi ba, na dai kara wayar a jikin injin. Na bar ta kusan minti ɗaya, sannan na mayar kunnena. Na ji yana numfashi a hankali.

Ya ce, "Shi ne. Muryarsa ke nan." Ya ƙara da cewa, "Ki rubuta bayanin ƙafafun inda kowa zai iya karantawa, har da wayar nan. Ɓoyon da na yi, shi ma laifi ne."

Na rubuta. Shi ya sa yau kowane aikinmu yake tare da fayil ɗin ƙafafunsa a folda ɗaya, da bayanin yadda aka tashi manhajar a kan Linux, mataki mataki, har na sa shi a intanet don wanda zai faɗa ramin bayana. A kan Linux ban yi kuskure ba, har gobe shi muke amfani da shi. Kuskurena shi ne na ɗauka duk abin da mutum ya sani yana cikin foldarsa, na kuma yarda da kore don shi nake son gani. A sana'ar nan, kafin ka goge abin da ka tarar, ka nemi wanda ya ajiye shi ka tambaye shi, in yana da rai.

Baba ya rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙansa. Injin Hajiya yana nan yana aiki, kuma in na bi ta layinsu nakan rage tafiya in saurara. Katakon kuwa na canza masa ƙwayaye sau uku. Wanda ya ga ya yi masa tsufa, ya zo ya same ni a ofis, amma allonsa ba zai fita ƙofar nan ba sai fitilun sun kama bi da bi.