Maganata a Ƙarƙashin Sunan Inna

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ina zaune a tsakar gidanmu a Yelwa ina tsintar shinkafa, sai ƙawata ta yi sallama ta shigo da littafi a hannu. Ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Sunan Inna ya fito." Ta buɗe shafin ƙarshe ta ɗora yatsa a kai. Wata biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata. Na karanta sunan, na karanta abin da aka buga a samansa, na miƙa mata littafin, na ci gaba da tsintar shinkafata. Ta ɗauka baƙin ciki ne ya hana ni magana. Akwai baƙin cikin, amma ba shi ne ya rufe mini baki ba.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane. A lokacin akwai wasu ƙananan littattafan Hausa da suka shigo garinmu, labarin wani gida na masu shan jini. Sun sauka a wani gari a matsayin masu sayar da atamfa. Ba sa fita da rana, ba sa tsufa, ba a taɓa ganin hayaƙi ya tashi daga madafinsu ba. Autan gidan ya kamu da son wata ma'aikaciyar asibiti, yana neman yadda zai rabu da halin gidansu. Littafi biyar ne, kowane kuma a wurin da ya fi daɗi yake tsayawa. Wani mutum mai rumfa kusa da tasha ne yake kawo su daga Kano yana ba da haya.

Ni karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma a gidanmu ni ce mai boko. Inna ma Malama take ce mini, rabi wasa rabi gaske. Sana'arta bandar kifi ce, ita da Gwaggo, ƙanwar mahaifina, da wasu mata biyu. Bayan la'asar, idan an jera tarwaɗa a kan ragar banda sai jiran juyi, nakan zauna gefe da littafina. Wata rana Inna ta ce in dai zama zan yi ba aiki, to in ɗaga murya su ma su ji abin da ke sa ni murmushi ni kaɗai. Daga nan ya zama al'ada. Gwaggo ta ce, "Wa'annan ai mayu ne, sai dai sun yi boko sun sa takalmi." Duk da haka ba ta taɓa tashi ana cikin karatu ba. Littattafan suka riƙa komawa rumfa da warin hayaƙi, har mai hayar ya ce duk wanda ya karɓa bayanmu sai kyanwa ta raka shi gida.

Littafi na biyar ya tsaya ne a kan ko autan zai warke ko ba zai warke ba. Muka yi wata da watanni muna jiran na shida. Da kaya suka iso, sai ga wani abu daban. Marubuciyar ta bar autan inda yake, ta ɗauko kakarsu, wata tsohuwa da a littattafan baya aikinta kawai ta zauna a ɗaki tana ba da umarni, ta yi mata littafi guda ita kaɗai. Mu littafin gefe muke ce masa.

Ran mutane ya ɓaci. Wasu suka mayar da shi ba su kai rabi ba. Wani tela da ke kusa da rumfar ya ce kwana biyu yana karatu ba a ciji kowa ba. Ƙawata ta ce ita ba ta yarda matar ce ta rubuta ba, ƙila mijinta ne ya karɓe biron. Ni kuwa na fi kowa zafi, don a gaskiya son autan nan nake yi, saurayin da ko hotonsa babu sai zanen bango da bai yi kama da mutum ba. Na karanta wa su Inna littafin ne kawai don sun matsa, ina yi ina tsaki.

Akwai wani wuri da tsohuwar ta koma garin da aka haife ta bayan shekaru masu yawa, tunda ita ba ta mutuwa. Ta tarar wurin ya zama gonar dawa. Ta tambayi manomin ina rijiyar da ke nan, ya ce shi bai taɓa jin an yi rijiya a wurin ba. Ta faɗi sunan mahaifinta, ya ce bai san shi ba. Ina kai wa nan Inna ta ce, "Malama, sake karanta wurin ga." Na sake. Ranar kifin da ke gabanta ya ƙone ta gefe guda, abin da ban taɓa gani a hannunta ba.

Gwaggo ta ce, "Matar Yaya, tausayin mayya kike ji? Wagga tsohuwa ladan biyu ta shanye a littahi na uku."

Inna ta ce, "Ke cikin gari aka haihe ki. Gidanku na nan inda aka bar shi."

Inna 'yar wani tsibiri ce da ruwa ya rufe lokacin da aka yi madatsar Kainji. An kwashe su tana budurwa, aka ba su sababbin gidaje a tudu wajen Shanga. Na san wannan tun ina yarinya, kamar yadda na san tsayinta da launin fatarta. Ban taɓa zama na yi tunani a kai ba.

A wancan zamanin marubuta suna sa lambar akwatin gidan waya a bayan littafi, kuma suna buga wasiƙun masu karatu a shafin ƙarshe na littafin da ke biye. Da Inna ta ji haka sai ta ce in nemo takarda. Ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali kamar mai karɓar baƙi, ta fara faɗa ina rubutawa. Ta gaida marubuciyar, ta gaida iyayenta idan suna raye, ta yi musu addu'a idan sun rasu. Ta ce a cikin mutanen littattafan nan duka, tsohuwar nan kaɗai ta gane. Ta ce idan ruwa ya ja baya, masu jirgi sukan nuna wani wuri da filafili su ce nan ne, ita kuwa ba ta ganin komai sai ruwa. Ta lissafa tsamiyar bakin gari, da dutsen da suke wanki a kai, da inda aka binne mahaifiyarta. Ta yi tsawo har takarda ta cika gaba da baya. A ƙarshe ta ce in sa sunanta, in sa sunan garinsu na da, ba Yelwa ba.

Washegari na tafi gidan waya. Na zauna a benci na sake karantawa, sai kunya ta kama ni. Na ga ƙauyanci ne, na ga za a yi mana dariya a Kano. Ga kuma nawa haushin da nake neman inda zan sauke. Na yagi takarda a littafin rubutuna, na rubuta layi shida. Na ce a gaskiya littafin gefen nan bai yi armashi ba, bugu da ƙari ɓata lokacin masu karatu ne, a dawo mana da labarin autan. Da na zo sa suna sai na sa na Inna da na garinsu, don na san idan an buga, suna za ta ce in nuna mata, sauran kuwa ni ce mai karantawa. Har wayo na ga na yi. Na manna kan sarki na jefa. Tata takardar na dunƙule na jefa a kwandon shara na bakin ƙofa.

Sau biyu ta tambaye ni, "Malama, takarda ta kai kuwa?" Na ce Kano da nisa. Cikin damina Inna ta yi zazzaɓi na kwana shida, a na bakwai aka yi mata sutura. Ban tuna da wasiƙar ba ko sau ɗaya a kwanakin nan, sai ranar da ƙawata ta shigo. Littafin da ta kawo littafin gefe ne na biyu, ci gaban labarin tsohuwar, kuma layukan nan shida suna nan yadda na rubuta su, ba a taɓa ko ɗigo ba.

Kafin la'asar labari ya kai wurin banda. Gwaggo ta aiko in zo da littafin. Na same su su uku, wurin zaman Inna an ajiye kwando a kai. Gwaggo ta ce in fara nuna mata sunan. Na nuna. Ta goge hannu a zane ta taɓa shi da yatsa, ta daɗe. Sannan ta ce, "To karanta muna."

A hanya na shirya zan faɗi abin da Inna ta faɗa da ka, ina kallon shafin kamar karantawa nake. Da na buɗe baki sai na kasa. Na karanta abin da ke rubuce.

Ɗaya daga cikin matan ta yi dariya ta ce, "Ashe a ɓoye ta yarda da ke, Gwaggo." Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta juya kifi biyu, ta gyara itace. Ta ce, "Shekara ashirin da wani abu muna zama wuri guda da matar ga. Ban taɓa jin ta ce bugu da ƙari ba. Kuma ba ta aika saƙo ba gaisuwa, ko wurin mai gishiri ne." Ta dube ni. "Ɗiyata, wanga bakin wa ne?"

Na ce nawa ne.

Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce, "To ita mi tac ce?"

Na fara kawowa. Gaisuwar ta zo, tsohuwar ta zo, masu jirgi da filafili, tsamiya, dutsen wanki, kabarin. Matan suna gyaɗa kai, ɗayarsu ma ta san tsamiyar. Sai na tsaya. Na san bayan kabarin akwai sauran magana, kusan rabin bayan takardar, kuma na san akwai wata tambaya da ta ce in yi wa marubuciyar. Amma a lokacin da take faɗa na riga na gaji, hannuna ne kawai yake tafiya. Gwaggo ta jira. Na ce ban tuna ba.

Ta ce, "Abin da kika tuna ɗin, ki rubuta ki aika. Ki ce musu ke kika yi ɓarna, su gyara a na gaba. Sunan garin ga bai taɓa shiga littahi ba sai yau. Kada a ce mutanensa ba su iya gaisuwa ba."

Na rubuta a makon. Na bayyana abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba, na sa maganar Inna iyakar inda na tuna, na roƙi a buga. Na karanta wa Gwaggo kafin in rufe ambulan, ta sa ƙawata ta sake karanta mata, ban kuma ji haushi ba. Bayan wata huɗu na sake aika wata. Amsa ba ta zo ba. Mai rumfa ya ce littattafan gefen ba su karɓu ba, 'yan kasuwa sun daina ɗauka. Daga baya ya ce ya ji marubuciyar ta bar rubutu. Ban san gaskiyar wannan ba. Abin da na sani shi ne na shidan bai fito ba, na gefe na uku ma bai fito ba. Ba zan ce wasiƙata ce ta jawo ba, don shafin cike yake da irinta. Amma a ranar da littafin ya zo na ƙirga, wasiƙa tara aka buga, babu ko ɗaya da ta yabi tsohuwar. Da ta Inna ta kai, da an samu ɗaya.

Gwaggo ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya. Na ci gaba da yi musu karatu na ɗan lokaci, sai aure ya kai ni Ngaski, abin ya tsaya.

Yanzu ina ganin yaranmu suna irin wannan gardamar a waya, idan marubuci ya bar jarumin da suke so ya bi wani na gefe. Zafinsu iri ɗaya ne da nawa na da, ba na kuma ganin laifinsu. Abin da kawai na koya shi ne, littafin da ya gundure ni yana iya zama shi kaɗai ne ya yi magana da wadda ke zaune kusa da ni. Idan kuma wani ya ba ni maganarsa in rubuta masa, ko saƙon waya ne, ina rubutawa yadda ya faɗa, in karanta masa abin da ke kan shafin.

Na karanta littafin gefen na biyu daga baya, ni kaɗai. Yana da kyau. Da Inna na raye da ta so shi.

Ban san kwafi nawa suka rage a akwatunan mutane ba. Duk inda ɗaya yake, maganata ce a kan sunanta da sunan garinsu, kuma har yau ba a buga gyaran ba.