Gashin da ba a binne ba

Yau Juma'a. Ƙafafuna sun kumbura, tari kuma ya ƙi sakina.

Shekaranjiya wanzami yana gama yi mini aski sai na ga babban ɗana, Sani, ya durƙusa yana tattara gashin a leda. Mu dai mun saba a binne shi a bayan ɗaki.

Na ce, "Sani, asiri za ka yi wa ubanka?"

Ya ce, "Haba Baba. Kano zan kai a yi gwajin DNA. An ce akwai wani zare a jikin kowa, a murɗe kamar igiya, rabi na uwa rabi na uba. Za a gwada da na Auta."

"A ga me?"

"Baba, bai yi kama da kowa ba a gidan nan. Gara a sani kafin a raba gona."

"Wane rabo? Ai ban mutu ba tukuna."

Ya ɗaure ledarsa ya hau babur.

Tun da masu yanka filaye suka iso bakin gonarmu gidan nan ya canza. Sani da Auta uwarsu ɗaya, tana kabari, ba ta da bakin kare kanta. A elemantare ba a koya mana zaren nan ba. Abin da na sani, ni na yi wa Auta huɗuba a kunne, ni na yanka ragonsa.

Jama'a, ku gaya mini, inji ne zai nuna mini ɗana?

Maganar ta kai kunnen Auta. Na aika a kira shi, na shimfiɗa tabarma tun hantsi. Ga shi an yi la'asar, bai zo ba.