Ba-zama, Mai Gadin Fayil ɗin Log

Kafin ya ajiye jaka, kafin ma ya gama amsa gaisuwa, Ba-zama ya shige ɗakin sanyin da sabar asibiti, wato babbar kwamfutar ajiye bayanai, take. Abokan aiki ne suka raɗa masa sunan, don duk ginin babu kujerar da ta kai tasa hutawa. Abu ɗaya yake dubawa: fayil ɗin log, mai rubuta duk abin da aka shigar, aka canja ko aka goge a rumbun bayanai. Fayil ne mai ci kamar gara. In ya cika faifan ajiyar kwamfutar, komai ya tsaya cak, daga yankar kati har ba da magani.

Dokarsa ɗaya: a kwafe shi gefe tukuna, sannan a rage. Ko a wajen ɗaurin aure sai ya zaro waya ya leƙa. Matarsa ta gaji, ta ce, "Malam, wai injin nan ne ya haife ka?"

Wata Litinin faifai ya kusa cika, aiki ya yi nawa, layi har bakin ƙofa. Shugaban sashe, da shi ma aka hura wa wuta, ya ce, "Don Allah goge fayil ɗin kawai, mutane na jira."

"Ranka ya daɗe, in na goge ba mu da hanyar komawa baya."

Ya sa kwafi, yana ta kai-komo, ana ta ja masa tsaki ta taga.

Da azahar wani ya yi kuskure, bayanan ɗakin tiyata suka bi ruwa. Ga wata mata kwance ba ta cikin hayyacinta, ba nata a kusa. An san akwai allurar da jikinta ba ya ɗauka, amma wacce? Ba-zama ya bi kwafin nan, ya maido da komai zuwa gab da kuskuren. Sunan allurar ya fito. Tana cikin waɗanda aka riga aka jera a tire.

Ranar da aka sallame ta, ta tarar da shi tsaye a baranda, ta ce, "Bawan Allah, ɗan matsa in wuce." Ya matsa.

Ba-zama, kai ne ka shanye tsaki don wata ta koma gida da ƙafarta. Ƙarshen wata za ka yi ritaya, kuma wallahi hankalinmu bai kwanta ba. Mun gode, Allah ya saka. Ku da za ku gaje shi, ku kwafa kafin ku rage, ko da ana zaginku. Matar nan ba ta san shi ba, mu mun sani.